Me ke yanke saurin taguwa? Kundin aikinmu a Damagaram

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Aikin da muka sa gaba shi ne haɗa kayan gwaji masu araha, daga abin da ake samu a kasuwar Dole da wajen masu walda, domin malamin kimiyya a kowace lakwal ya iya nuna wa ɗalibai abin da ke yanke saurin taguwa. In ka tambayi aji guda, kusan kowa zai ce wanda ya fi dukan ganga da ƙarfi, sautinsa ne zai riga isa kunne. Ba haka ba ne, kuma faɗa da baki ba ya cire wannan daga kan yaro. Sai ya riƙe agogo da hannunsa ya gani.

Mun fara daidaita kalmomi. An fi sabawa da "igiyar ruwa", amma tunda za mu yi aiki da igiya ta gaske, mun zaɓi "taguwa" ga kowane irin motsi mai tafiya: na ruwa, na sauti, na igiya. Tazarar da ke tsakanin tozo da tozo, wato ƙololuwar taguwa da ta gaba, mun kira ta zango, kamar yadda masu sauraron rediyo suka san gajeren zango. Yawan kaɗawa a sakan ɗaya kuma haz ne ma'auninsa. Sauri shi ne yawan kaɗawa sau zango. Tashar da ke kan mita 31 tana kaɗawa wajen sau miliyan 9.7 a sakan. In ka haɗa lissafin za ka samu kilomita 300,000 a sakan, wato saurin haske.

Gwajin farko da igiyar leda muka yi, mai kaurin milimita 10. Mita 30 ta auna kilo 1.5, ke nan kowace mita giram 50. An ɗaure baki ɗaya a gindin bedi, ɗaya bakin ya bi ta kan cibiyar ƙafar keke da muka kafa a matsayin kura, aka rataya masa bidon da aka zuba wa ruwa lita 10. Tsakani mita 25. A ɗaure ta sama da ƙasa da mita ɗaya da rabi, don cikinta yana saukowa kusan santimita 40.

Zuwa ɗaya ba ya aunuwa da agogon hannu: rabin sakan ne da ɗan ɗoriya, yatsan mai latsawa kuwa shi kaɗai yana cin kashi biyu cikin goma na sakan. Abin da ya yi aiki shi ne mai agogo ya ɗora yatsu biyu a kan igiyar kusa da bishiya, wani ya daki igiyar da sanda, a ƙirga dawowa biyar, mita 250 ke nan. Duka mai sauƙi: sakan 5.7, 5.6, 5.8. Duka da iya ƙarfi: 5.6, 5.7, 5.7. Tozon ya girma, lokacin bai motsa ba. Wajen mita 44 a sakan.

Da muka mai da ruwan lita 20, lokacin ya koma sakan 4.0. Ja ya ninka biyu, sauri bai ninka biyu ba, ya ƙaru ne sau 1.4. Ƙa'idar ita ce: a raba ƙarfin ja da nauyin mita ɗaya na igiyar, a ɗauki tushen abin da ya fito. Tushe a nan ita ce lambar da in ka buga ta sau kanta za ta ba ka wancan adadi. Tushen 4 shi ne 2, tushen 2 kuma 1.4.

Igiyar kaba ba ta yi ba. Zarurrukanta suna gugar juna suna cinye motsin, kafin dawowa ta uku taguwar ta mutu.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau mun koma ɗaki da siririn zaren magina. Mita 20 ya auna giram 16 a ƙaramin sikeli, wato giram 0.8 kowace mita. Kada a auna mita ɗaya tak, sikelin ba zai ba da lamba mai amfani ba.

Abin kaɗa zaren: tsohon lasifikar rediyo mai faɗin santimita 10, an manna murfin gorar ruwa a tsakiyarsa, an huda murfin an zura zaren. Sautin yana fitowa daga waya, ta manhajar da ke ba da murya ɗaya tsayayya, ya bi ta ƙaramin amfilifaya mai batir. Daga lasifika zuwa kura mita 1.65.

Da giram 200 a rataye, a haz 60, zaren ya tsaya ya rabu ciki huɗu, kowanne santimita 41 da ɗan kai, da wuraren da ba sa motsi ko kaɗan a tsakaninsu. Ciki biyu ne zango ɗaya, santimita 82.5. A buga sau 60, a samu mita 49.5 a sakan. Muka ɗaga zuwa haz 90 ba tare da taɓa nauyin ba: ciki shida, zango santimita 55, sauri 49.5. A haz 120 ciki takwas, sauri yana nan inda yake. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne daraja a ganinmu, domin a nan ido yake ganin cewa lasifika ba shi da iko da sauri. Abin da yake iyawa shi ne ya ƙara yawan kaɗawa, zango kuma ya gajarce daidai gwargwado. Saurin na zaren ne.

Sannan muka koma haz 60 muka sa giram 800, ninki huɗu. Ciki huɗu ya koma biyu. Sauri ya ninka biyu, mita 99 a sakan.

Abubuwa uku suka ba da wahala. Na ɗaya, nauyin gorar da ake zuba ruwan: sai an ɗora gora da ruwa tare a sikeli, in ba haka ba giram 200 ɗinka ya zama 220. Na biyu, kura mai tsatsa tana riƙe wani abu daga jan, zaren ya ƙi tsayawa a inda lissafi ya ce. Ɗigon man keke da ɗan ƙwanƙwasa teburin kafin karatu ya magance. Na uku, zaren leda yana miƙewa. A giram 800 alamomin biro da muka yi a tazarar mita ɗaya sun koma santimita 103. Zaren da ya miƙe ya sirance, mitarsa ta rage nauyi, sauri ya ɗan haura lissafi da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Saboda haka ciki biyun ya fi tsayawa da kyau a kusa da haz 61.

Mai gurmi da ke ƙara ɗaure tsirkiya, da makaɗin kalangu da ke matse shi a hammata don murya ta hau, wannan ƙa'ida suke aiki da ita: an ƙara ja, taguwa ta ƙara gudu a kan tsirkiya ko fata, kai da komowarta ya yawaita. Marin Mersenne na Faransa ya rubuta dokokin tsirkiya tun 1636.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sauti a iska. Ƙarfe bakwai na safe, sanyin hunturu, ma'aunin zafi yana digiri 17.

Kaya: tiyon roba mai faɗin milimita 110, tsawo santimita 80, an toshe ƙasansa an cika shi da ruwa, bai kai lita 8 ba. A cikinsa ake zura wani tiyo mai milimita 40, tsawo santimita 70, buɗe ta kowane baki. In ka ɗaga shi ko ka nutsar, tsawon iskar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa yana canjawa. Waya tana ba da haz 500, a riƙe ta santimita biyu sama da baki, kada ta rufe shi.

Ana ɗagowa a hankali sai muryar ta kumbura ta cika ɗaki. A nan aka auna santimita 15.9. Aka ci gaba da ɗagawa, ta lafa, ta sake kumbura a 50.1.

Ga tarkon da ya kamata kowane malami ya sani. Littafi ya ce kumburin farko rubu'in zango ne. In ka buga 15.9 sau huɗu sau 500 za ka samu mita 318 a sakan, ƙasa da gaskiya da kashi 7 cikin ɗari, ɗalibai su ce ƙa'idar ƙarya ce. Dalilin shi ne iskar da ke kaɗawa ba ta tsayawa cif a bakin tiyo, tana ɗan leƙowa waje, wajen kashi shida cikin goma na rabin faɗin tiyon. A namu milimita 12. Maganin shi ne a ɗebe na farko daga na biyu, leƙowar ta fita daga lissafi: 34.2, rabin zango ke nan. Zango santimita 68.4, sauri mita 342 a sakan. Ƙa'idar da aka sani ita ce 331 a ƙara 0.6 a kan kowane digiri, wadda ta ba da 341 a digiri 17.

An ƙara murya an rage, wurin kumburin bai gusa ba.

Za mu maimaita wannan daidai yadda yake idan bazara ta kankama.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Amsa-kuwa. Mun fara gwadawa a gaban duwatsun da ke gefen Birni, bai yi ba: kowane dutse da nisansa da inda ya fuskanta, amsar tana dawowa a warwatse. Muka koma bangon wani dogon sito mai santsi, fili a gabansa, muka auna mita 60.

Katako biyu ake tafawa. Mai tafi yana daidaita hannunsa har amsar ta riƙa faɗowa daidai tsakiyar tafi biyu: tafi, amsa, tafi, amsa. In ya zauna a haka, tsakanin tafi da tafi sauti ya yi tafiyar mita 240. Tazara 30 ta ɗauki sakan 20.2 zuwa 21.4 a gwaji shida, matsakaici 20.8, wato mita 346 a sakan, a zafin digiri 28 inda ake sa ran 348.

A fara ƙirga da sifili. Wanda ya ce "ɗaya" a tafin da aka latsa agogo, tazara 29 ya auna, saurinsa zai haura da kashi 3 cikin ɗari. Iska mai kaɗawa kuwa ba ta ɓata wannan gwaji sosai: abin da ta ƙara wa sauti a zuwa, kusan shi take ragewa a dawowa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwamin ruwa ya iso daga wajen mai walda: kwano mai kauri, tsawo mita 3, faɗi santimita 15, tsayi 12. A zurfin santimita 8 yana cin lita 36, bidon ɗaya da rabi. A garin da ruwa ke da tsada kamar namu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka mun sa masa famfo a ƙasa, ana mai da ruwan bidon bayan kowane darasi.

Rabin yinin ya tafi wajen daidaita shi. In baki ɗaya ya fi ɗaya sauka da santimita guda, a zurfin santimita 2 ka riga ka ɓata komai. Tiyon ruwa na magina da ƴan gutsattsarin tayil a ƙarƙashi suka yi aikin. A ɗaki ake yi, ƙofa a rufe, don iska tana zana ƙananan taguwoyi a fuskar ruwan ta ɓoye wadda ake bi.

Ana ta da taguwa da katako mai faɗin kwamin, a tura shi gaba santimita biyu ko uku a hankali. Daga baki zuwa baki: zurfin santimita 2, sakan 6.7, santimita 4, sakan 4.8, santimita 8, sakan 3.4. Zurfi ya ninka huɗu, sauri ya ninka biyu, daga kusan santimita 44 a sakan zuwa 88. A ruwa marar zurfi, ana samun sauri ne in an buga zurfi, a mita, sau 9.8, wato jan ƙasa, aka ɗauki tushen abin da ya fito. Da wannan lissafin ake gane abin da ya sa taguwar girgizar ƙasa irin ta tekun Indiya ta 26 ga Disamba 2004 take ratsa teku kamar jirgin sama: zangonta ya fi zurfin tekun nesa ba kusa ba, a zurfin mita 4,000 kuwa lissafin yana ba da mita 198 a sakan, sama da kilomita 700 a awa.

A nan ne muka ci karo da abin da ya zama dole a faɗa wa ɗalibai da gaskiya. A zurfin santimita 2, da aka tura katakon da ƙarfi, taguwar ta isa a sakan 5.6. Ga shi ƙarfin turi ya ƙara sauri, saɓanin abin da igiya ta nuna. Bayanin shi ne tozo mai tsayin santimita ɗaya a kan ruwan santimita biyu ya mai da zurfin wurin santimita uku. Turin ya canja ruwan da taguwar ke bi ne, ruwan kuma ya canja saurin. Maganar cewa girman taguwa ba ya taɓa saurinta tana tsayawa ne muddin taguwar ƙarama ce a kan abin da take ratsawa. Mun yanke a riƙa nuna wannan a aji, kada a ɓoye shi, amma bayan an gama awo ukun farko.

Da yamma mun je bakin tafki da ƴan duwatsu. A ruwan da zurfinsa ya wuce rabin zango, zurfi ya daina shiga lissafi, zango ne ke yanke sauri: mai mita ɗaya tana tafiyar mita 1.25 a sakan, mai santimita 25 rabin haka. Shi ya sa in ka jefa dutse, manyan da'irori suke gaba, ƙanana na biye. In ka kafa ido a kan tozo guda za ka ga ya taso daga bayan ayarin, ya ratsa ta tsakiya, ya ɓace a gaba, domin ayarin yana tafiya ne da rabin saurin tozon. Sauti a iska ba ya yin haka. Da yana yi, da algaita da ganga ba za su iso kunnen na nesa tare ba.

Za mu dakata sai bayan salla.

Asabar, 12 ga Afrilu

Tiyon sauti, ƙarfe uku na rana, digiri 41 a inuwa. Kumburin farko 16.5, na biyu 52.0. Bambanci 35.5, sauri mita 355 a sakan. Ya haura na Fabrairu da mita 13, waya ɗaya, tiyo ɗaya, haz 500 ɗin nan dai.

Lambar ta yi daidai da lissafin digiri 41, amma ba mu yarda da dacewar ba sai da muka zura ma'aunin zafi cikin tiyon. Digiri 36 ya nuna, ruwan ya sanyaya iskar da ke kansa. A 36 ana sa ran 353. Ragowar daga laima ta fito: tururin ruwa ya fi iska rashin nauyi, iskar da ta sha laima a wannan zafi tana ƙara wa sauti mita biyu zuwa uku a sakan. Kuskure biyu ne suka kusa share juna. Daga yau zafin cikin tiyo za a riƙa rubutawa. A kuma tuna kuskuren milimita biyu wajen karanta ma'auni yana kawo mita biyu a sakan, don haka kowane kumburi a neme shi sau uku, daga sama da daga ƙasa.

Me ya sa zafi ke ƙara sauri? Kowace taguwa abu biyu take dogara da su: ƙarfin da abin yake komawa mazauninsa in an ture shi, da nauyin da za a motsa. A igiya, ja da nauyin mita. A iska, yadda take turjiya in an matse ta, da nauyinta. Iska mai zafi ta fi rashin nauyi alhali turjiyarta ba ta ragu ba. Matsin iska shi kaɗai ba ya canja komai, don in ya ƙaru, turjiya da nauyi tare suke ƙaruwa. Saboda haka tsayin Damagaram sama da teku bai shiga lissafinmu ba.

Isaac Newton ya lissafa saurin sauti a 1687, amsarsa ta gaza da wajen kashi 15 cikin ɗari, don ya ɗauka zafin iskar ba ya canjawa yayin da sauti ke wucewa. Laplace ne ya gyara a 1816: matsewar tana da saurin da zafin da ta haifar ba ya samun fita, wannan yana ƙara turjiyar iska sau 1.4.

Asabar, 3 ga Mayu

Ƙarfe. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa sauti ya fi gudu a ƙarfe "saboda ya fi nauyi". Nauyi rage sauri yake yi. Ƙarfe ya yi gaba ne don taurinsa ya rinjayi nauyinsa nesa.

Gwajin sa kunne a bakin rodi mai mita 12 bai ba da awo ba: ta ƙarfe sauti yana isa cikin kashi biyu da rabi cikin dubu na sakan, ta iska kashi 35, kunne yana jin su kusan a haɗe. Muka yanko sanda mai santsi, mita ɗaya cif, kauri milimita 12. A riƙe ta da yatsu biyu daidai tsakiya, a daki ƙarshenta a tsaye da ƙaramar guduma, kamar mai buga ƙusa. Tana ba da siririyar ƙara mai daɗewa. Manhajar auna murya ta nuna haz 2,540. Zango ninki biyu ne na tsawon sanda, sauri ke nan mita 5,080 a sakan, kusan sau 15 na iska.

In dukan ya karkace, sandar tana lanƙwasa gefe da gefe, ƙananan muryoyi su cika allon wayar. In an riƙe ta nesa da tsakiya, yatsu suna kashe ƙarar nan take. A sa alamar fenti a santimita 50.

Sandar alminiyom mai tsawo ɗaya ta ba da haz 2,530. A hannu nauyinta sulusin na ƙarfe ne, amma taurinta ma sulusi ne, sai rabon ya fito kusan ɗaya. Mun ɗora su biyun a hannun ɗalibi kafin a buga, ya faɗi wadda yake zato za ta fi. Wannan tsari za mu bi a darasi.

Sandar jan ƙarfe muke nema yanzu, ba tiyo mai lanƙwasa ba, miƙaƙƙiya mai mita ɗaya. Ya fi ƙarfe nauyi, bai kai shi tauri ba, don haka muna sa ran muryarsa ta faɗo ƙasa da haz 1,900. Saurin sauti a cikin ruwa kuma, wanda masana Colladon da Sturm suka auna a tafkin Janeba a 1826 suka samu mita 1,435 a sakan, kwaminmu ya yi masa gajarta ƙwarai, mun ajiye shi.

Takardar ƙirgar tsawa ta kammala, za a raba wa ɗalibai kafin ruwan farko: daga walƙiya zuwa ƙara, kowane sakan uku kilomita ɗaya, a rubuta lokaci da zafin iska, kuma daga cikin ɗaki ake ƙirgawa, ba a fili ko gindin bishiya ba.